In Kwamfuta Ta Ce A Sauya Batir, Mu Saurare Ta

A ƙarshen kakar da ta wuce wani dattijo manomi daga wajen Dabai ya zo mana nan Danja da kwamfutar tafi-da-gidanka naɗe cikin zane, ransa a ɓace. Buhunan masara ya sayar ya saya wa 'yarsa mai karatu a Zariya, ga shi ko shekara ba ta cika ba, duk lokacin da aka kunna ta sai ta nuna gargaɗi cewa batir ya raunana, da an zare waya kuwa sai ta ɗauke kafin a gama cin tuwo. Wani mai shago ya riga ya gaya masa wai ta gama aiki, ya bar ta a ba shi 'yan kuɗi a cire kayan gyara. Da aka kai wa mai gyara na gaskiya ya duba, sai aka tarar lafiyarta ƙalau, batir ne kaɗai ya tsufa. Saura ƙiris gumin damina guda ya tafi a banza.

'Yan'uwa, ba shi kaɗai ba ne. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, iyaye daga Funtuwa zuwa Malumfashi suke matse bakin aljihu domin 'ya'yansu su mallaki wannan na'ura, yawanci kuwa ta gwanjo muke iya saye. Ra'ayinmu shi ne, batir abin ƙarewa ne kamar tayar babur, kuma gargaɗin nan sanarwa ce da ya kamata mu karɓa da hankali kwance, mu auna, mu yi tanadi.

Batirin da ke cikin waɗannan na'urori na litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991, wanda kuma saboda shi aka ba masana uku, wato Goodenough da Whittingham da Yoshino, lambar yabo ta Nobel a 2019. Duk da wannan daraja, tun ranar da aka ƙera shi yake tsufa. Duk sa'ad da aka cika shi aka shanye, an ci zagaye ɗaya ke nan. In an sha rabi yau, rabi gobe, shi ma zagaye ɗaya ne. Yawancin batura kan fara nuna gajiya bayan zagaye 300 zuwa 500, kamfanin Apple kuwa ya ce na kwamfutocinsa na zamani kan kai 1,000 kafin ƙarfinsu ya sauka zuwa kashi 80 cikin 100. To, kwamfutar da ta yi shekaru a wani ofis a Turai ko Amurka kafin ta sauka Ikko, ta biyo mota zuwa Kano, zagaye nawa ya rage mata? Fes take a ido, amma ƙarfin batir ya riga ya tafi.

Mun san akwai masu cewa gargaɗin dabarar kamfani ce kawai domin a raba mu da kuɗinmu. Zarginsu ba a kan iska yake ba, gama a 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin wayoyin da batirinsu ya tsufa, har Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020 domin bai sanar da masu saye ba. Amma ita maganar batir tana da ma'auni, ba sai mun yarda da bakin kowa ba. Lokacin da Windows 7 ya fito a 2009 da irin wannan gargaɗi, mutane suka yi ta ƙorafi, sai Microsoft ya bayyana cewa saƙon yana fitowa ne in batir ya koma riƙe ƙasa da kashi 40 cikin 100 na abin da aka ƙera shi ya riƙe. Daga Windows 8 zuwa yau, duk mai gyara yana iya rubuta umarnin powercfg /batteryreport, na'urar ta fitar da lambobi biyu: ƙarfin batir na asali, da ƙarfin da yake ɗauka yanzu. Ba ma sayen buhun taki sai mun ɗaga mun ji nauyinsa. Don me za mu biya kuɗin kwamfuta ba mu ga waɗannan lambobi biyu ba? Mai sayarwar da ya ƙi nuna su, ya riga ya ba mu amsa.

Sai dai kuma ba duk laifin ne na mai shago ba, mu ma muna da namu. Babban abokin gaban batir shi ne zafi, masu ƙerawa kuwa suna gargaɗi a kan wuce digiri 35, alhali a nan wajenmu watannin Maris da Afrilu kan haura haka, balle a ɗakin kwano da tsakar rana. Duk da haka yaranmu kan ɗora kwamfuta bisa katifa ko matashi, su toshe mata hanyar iska, ƙurar hunturu kuma ta cika fankar ciki ba mai sharewa. Bugu da ƙari, rashin tabbacin wuta ya koya mana mu sha batir har ya mutu murus, sa'an nan mu kai shagon caji a haɗa da janareto da kowace irin caja aka samu. Waɗanda suka ga duhun da ya rufe yawancin jihohin Arewa na kwanaki da dama a watan Oktoba na 2024 sun san ba da gangan muke yi ba. Amma abin da ke hannunmu, mu yi shi: a ɗora na'ura bisa tebur ko faranti mai tauri, a sa caji kafin ya sauka ƙasa da kashi 20, a yi amfani da cajarta ta asali, in kuma za a ajiye ta tsawon hutu, a bar batir wajen rabi a wuri mai sanyi. Wasu samfurori, irin su Lenovo da Dell, suna da wurin da ake saita caji ya tsaya kafin ya cika, wannan kuwa yana ƙara wa batir kwana ga wanda ke aiki da waya a haɗe kullum.

Akwai kuma lokacin da maganar ta wuce ta kuɗi ta zama ta rai. In aka ga gindin kwamfuta ya kumbura, ko madannai sun taso, ko murfi ya ƙi rufuwa daidai, iska ce ta taru cikin batir, kuma yana iya kamawa da wuta. A kashe ta nan take, kada a ƙara sa mata caji, kada a danna, kada a huda. A 2006 kamfanin Dell ya janye batura fiye da miliyan 4 daga hannun jama'a saboda haɗarin gobara. In na babban kamfani ya iya yin haka, ina ga jabun da ba a san inda aka haɗa shi ba? Araha ba ta ado. Tsohon batir kuma kada a jefa shi bola inda ake cinna wuta, kada a bar wa yara su fasa. A mayar wa mai gyara.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun kafa doka a 2023 cewa daga 2027 tilas a ƙera ƙananan na'urori yadda mai su zai iya sauya batir da kansa. Kafin amfanin wannan ya iso kasuwanninmu, shawararmu ga iyaye, da malaman makaranta, da ma'ajin kowace ƙungiya ko ofishin ikkilisiya mai kwamfuta, ita ce a sa kuɗin sabon batir cikin lissafi tun ranar saye, kamar yadda manomi ke ware iri kafin ya taɓa rumbu. Shi dattijon nan na Dabai ya sayi batir mai kyau, 'yarsa ta koma makaranta da na'urarta, yanzu kuwa shi ne ke gaya wa maƙwabta su nemi lambobi biyu kafin su zaro kuɗi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.