Ina Iyali Za Su Kwana? Lissafin Zuwa Yankari

Da zarar hutun makarantu ya ƙarato, ko kuwa an shiga shirin Salla, sai ka ji ƙananan ma'aikata a ofisoshi suna ta shawarar inda za su kai yara su buɗe ido. Galibi tambayar da suke yi wa juna ita ce nawa ake biya a ƙofa. Da wuya ka ji wanda ya fara da tambayar inda za a kwana, alhali kuwa a nan ne kuɗin tafiya yake zurarewa, a nan ne kuma ake gane ko hutu za a yi ko wahala za a sayo. Wataƙila wani ya ce me ya haɗa ɗalibai, waɗanda ko tukunyar kansu ba su mallaka ba, da zancen masaukin iyali. Amsarmu ita ce, waɗannan ma'aikata yayyenmu ne, kuma nan da shekara biyu ko uku, in Allah ya kai mu, mu ne za mu hau kujerun da suke kai, da albashi irin nasu. Gara mu koyi lissafin tun yanzu.

Za mu ɗauki gandun dajin Yankari misali, domin shi ne wurin shaƙatawar da kowane ɗan Arewa ya san sunansa, kuma ƙungiyoyin ɗalibai sun daɗe suna kai ziyara can. Gwamnatin Jihar Arewa ta dā ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a ran 1 ga Disamba 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan a 2006 aka mayar da shi ga Jihar Bauchi. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244 a ƙasar Alkaleri, akwai giwaye da ɓauna da gwanki da dorina, ga kuma maɓulɓular Wikki wadda ɗuminta ba ya sauka daga kimanin digiri 31, rani da damina, dare da rana. Daga gare ta ne ma ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Bauchi ta samo sunanta. Amma abin da ya shafi maganarmu shi ne nisa. Daga birnin Bauchi sai mutum ya bi hanyar Gombe, ya ratse a Dindima, ya isa ƙofar gandun a Mainamaji, sa'an nan ya ƙara kilomita 40 da ɗoriya cikin daji kafin ya iske sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke. Jimla kimanin kilomita 110 ke nan. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Akwai wata shawara da ta yaɗu a bakin mutane har ta zama kamar doka, watau kada ka kwana a cikin wurin shaƙatawa, ciki tsada, nemi otal mai araha a gari ka riƙa zuwa kana dawowa. Shawara ce mai tushe, sai dai tushen nata ba a nan ƙasar yake ba, kuma yana da kyau mu san inda ta fito kafin mu ɗauke ta. Sa'ad da Walt Disney ya buɗe Disneyland a Kalifoniya ta Amurka ran 17 ga Yuli 1955, filinsa duka eka 160 ne cikin gonakin lemo, kuma kuɗinsa sun ƙare har ya kasa gina otal, sai wani attajiri mai suna Jack Wrather ya gina. Ba a jima ba ƙananan otal-otal suka yi wa wurin zobe, suna kwasar baƙin da wani ya sha wahalar tarawa. Abin ya ci wa Disney rai ƙwarai. Shi ya sa da ya tashi yin na biyu a Filorida ya sayi eka wajen 27,000 a asirce, domin kowa ya zo ya kwana a gadonsa, ya ci a kwanonsa. An buɗe wannan a 1971, bayan mutuwarsa. Ashe tun can masu irin wannan sana'a sun gane cewa ribar gado ba ta gaza ta ƙofa ba.

Da kamfanin ya ƙetara Faransa a 1992 sai dabarar ta juye masa. Ya gina ɗakuna fiye da 5,000 a gefen sabon wurin, kilomita 32 gabas da Faris, ya sa musu farashin manya. Amma jirgin ƙasa yana tashi daga tsakiyar birni ya ajiye mutum a bakin ƙofa cikin minti 40. Iyalai suka yi lissafinsu, da yawa suka kwana a Faris, suka zo da safe suka koma da dare, ɗakuna suka zauna wayam. Bashi ya yi wa kamfanin katutu, har a 1994 sai da aka sake tsarin bashin, Yarima Alwalid ɗan Talal na Saudiyya ya sayi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jari. To, a wuri irin wannan, wanda ya ce ka kwana a gari ya faɗa maka gaskiya.

Yanzu sai mu tambaya, wane jirgi ne yake tashi daga Bauchi zuwa Wikki? Babu. Mota ce, ko taka ko ta shata. Zuwa da dawowa kilomita 220 ne, kuma ƙaramar mota mai shan lita ɗaya a kowace kilomita 10 za ta sha lita 22. Kafin a janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 farashin hukuma na lita bai kai naira 200 ba, saboda haka mutum yana iya yin wannan zirga-zirga bai ji a jikinsa ba. Zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Mu ɗauka dai naira 900 ce, don sauƙin lissafi. Kuɗin man yini guda ya tasam ma naira 20,000, na yini biyu 40,000, watau fiye da rabin mafi ƙanƙantar albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024. Wannan fa bayan kuɗin otal ɗin Bauchi ne. Wanda ba shi da mota kuwa nasa ya fi haka, gama direban shata zai caje shi kuɗin mai, ya caje shi kuɗin jira. Saboda haka kafin maigida ya yi murnar ya sami ɗaki mai rahusa a gari, sai ya ɗora wannan a kai, sa'an nan ya gwada da farashin ƙaramin ɗaki a sansani. A ganinmu sau da yawa zai tarar arahar ta gudu tun a gidan mai.

Ko da a ce lissafin kuɗi ya zo kunnen doki, akwai hasarar da ba a rubuta ta a rasit. Namun daji ba su san agogon ofis ba. Da sanyin safiya suke fitowa, da kuma la'asar sakaliya, in rana ta take kuwa sai su shige inuwa, shi ya sa motocin zagayawa da masu rakiya suke fita a waɗannan lokuta biyu. Wanda ya kwana a Bauchi, in yana son fitar safe, sai ya tayar da yara tun kafin assalatu, ya yi tafiyar kusan awa biyu. In ta yamma ya jira, to, da duhu zai kama hanyar gida, kuma hanyar daji ba ta tafiyar dare da mata da yara ba ce. Abin da yawanci yake faruwa shi ne a iso da hantsi ya dubi ludayi, a ga 'yan birai da mugun dawa a harabar sansani, a tsoma ƙafa a ruwa, a juyo. Yaron da aka yi wa alkawarin giwa wata uku yana ƙirga kwanaki ya koma da labarin zafin mota. Mu kuwa muna ganin dare ɗaya a ciki, wanda zai ba iyali fitar yamma, da wanka a Wikki bayan magariba, da fitar safe, ya fi dare biyu a waje.

Amma fa kada a fahimce mu a baibai. Cewa a kwana a ciki ba cewa ne a kama ɗakin da gwamna yake sauka ba. Sansanin yana da ɗakuna fiye da ɗari, hawa-hawa, tun daga na manyan baƙi har zuwa ɗakin kwanan ɗalibai mai gadaje jere. A nan ne cutar da ta fi damun tsararmu take bayyana, watau son a gani. Mutum yana mataki na takwas, sai ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata ya kama babban ɗaki mai falo, ba don komai ba sai don hoton da zai ɗora a waya abokan aiki su gani, sa'an nan ya dawo ya yi wata uku ana yankar albashinsa, uwargida tana auna shinkafa da gwangwani. Alhali ɗakin nan awa nawa za a yi a cikinsa? Yara suna ruwa, ko suna mota, ko suna bin birai da ido. Abin da iyali suke bukata ga ɗaki bai wuce ƙofa mai kulluwa ba, da taga mai raga, da ruwa a banɗaki, da fanka mai juyawa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Tambayoyin da za a yi kafin a biya su ne suka fi sunan ɗakin muhimmanci, kuma a yi su ta waya tun daga gida, ba sai an iso da kaya a ka ba, lokacin da mutum ba shi da bakin ciniki. Mutum nawa aka yarda su kwana a ɗaki ɗaya, kuma ana ƙara katifa? Ƙarfe nawa ake kunna wuta, ƙarfe nawa ake kashewa? Wannan ta biyun ba ƙaramar tambaya ba ce, domin lokacin da ya fi dacewa da ganin dabbobi, daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji, shi ne kuma lokacin da zafi yake gasa mutum, ɗakin da ba iska kuwa jariri ba zai runtsa a cikinsa ba. A tafi da gidan sauro da tocila. Wanda yake da ikon zaɓar ranar hutunsa ya guje wa ranakun Salla da ƙarshen Disamba, ya je a tsakiyar mako.

Sai abinci, wanda shi ne ɓarawo na biyu bayan mai. A tsakiyar daji ba kasuwa, ba mai ƙosai a bakin titi, abin da ɗakin cin abinci ya faɗa shi ne farashi. Iyayenmu da suke tafiyar fatauci ba su taɓa barin gida ba guzuri ba, mu ne muka ɗauki ɗaukar kula abin kunya. Dambun nama, da soyayyar kaza, da burodi, da garin kunu, da filas na ruwan zafi, da ruwan sha mai yawa, za su riƙe iyali yini da kwana. Sai dai a rufe su da kyau, a kuma rufe ƙofa da taga, gama gwaggon birin Wikki ya fi ɗan tasha wayo, leda a hannun yaro kuwa ganima ce a wurinsa.

Ba mu manta da masu cewa ai suna da ɗan'uwa a Bauchi ba, can za su sauka kyauta. Zumunci abu ne mai kyau, kuma in ziyararsa aka je yi, madalla. Amma kyautar nan wani ne yake biyanta, kuma shi ma ma'aikaci ne mai ɗaki biyu, wanda zai kori 'ya'yansa zuwa falo, ya yanka kazar da ya tanada, ya yi murmushi. Bugu da ƙari gidansa bai rage ko kilomita ɗaya daga cikin 110 ɗin nan ba. Inda kwana a Bauchi yake da ma'ana shi ne daren isowa ga wanda ya taso daga nesa, kamar Sakkwato ko Katsina, ko kuwa ga wanda niyyarsa ita ce ya kai yara kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da gandun Sumu, inda aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya a 2006. Wannan tafiyar yini ce, gari ya ishe ta.

Saura magana ga hukuma. Duk abin da muka faɗa ya rataya ne a kan samuwar ɗaki mai sauƙin kuɗi a cikin sansani, kuma ɗaki mai tsabta. Idan aka mai da hankali ga gyaran masaukin manya kaɗai, aka bar na ƙasa, to, an rufe wa malamin firamare da akawu da ma'aikaciyar jinya ƙofa ba tare da an sa kwaɗo ba, alhali da harajinsu ake riƙe da wurin. Ko kamfanin Disney, da duk son ribarsa, sai da ya buɗe otal-otal masu rahusa a Filorida a 1994, da ya ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi suna kwana a wajen shingensa. Kuma ɗakin da aka tsara don miji da mata da ɗa ɗaya bai dace da gidajenmu ba, inda shida ko takwas ne za su fito daga mota, har da ƙanwar uwargida. Muna so a ware ɗakunan iyali masu gadaje da yawa, da wurin ɗumama abinci, a kuma buga farashin kowane ɗaki a fili inda kowa zai gani, domin mai albashi ya san abin da zai tara a adashi tun watanni kafin hutu. Su ma ƙungiyoyin ma'aikata, maimakon ba da rancen tafiya ga mutum ɗaya ɗaya, suna iya haɗa gida huɗu ko biyar su ɗauki bas guda, su nemi rangwamen ɗakuna a dunƙule.

Mu ma akwai namu aikin. Muna roƙon duk wata ƙungiyar ɗalibai da za ta kai ziyara Yankari a zangon karatu mai zuwa, ta dawo mana da farashin kowane irin ɗaki, da yawan gadajen da ke cikinsa, da lokutan wuta da na fitar motoci, mu buga a wannan shafi kafin hutun ƙarshen shekara.