Kafin Ka Jefar Da Iyafis Ɗinka

Ranar Laraba da safe ina sauraren labarai a rediyon wayata, sai kunnen hagu ya fara ƙaraf-ƙaraf kamar ana soya gyaɗa a yashi. Mai karanta labarai ya faɗi rabin kalma, sauran ya ɓace cikin ƙara. Ƙanena da ke gefe ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Yaya, jabu aka sayar maka. Jefar da shi ka sayi na bulutut ka huta." Fatawar da kowa ke bayarwa ke nan yanzu, ni kuwa ban karɓe ta ba. Na kashe wayar, na sa tsinken sakace a ramin iyafis, na zaƙulo wani dunƙulen ƙura da zaren aljihu wanda bai fi ƙwayar dawa ba. Sauti ya dawo tas.

Ka dubi kan iyafis ɗinka da ake sokawa a waya da kyau. Ƙarfe ne mai kaurin milimita 3.5, an rarraba shi da siraran zobba. In zobe biyu ne, kashi uku ke nan: kunnen hagu, kunnen dama, da layin da wuta ke komawa ta kansa. In uku ne, an ƙara na makirfo. A cikin ramin wayar akwai 'yan ƙarafa, kowanne yana danne da kashinsa. Wutar da ke bi ta nan 'yar mitsitsiya ce, saboda haka ɗan datti ko gumin hannu da ya bushe ya isa ya riƙa yanke ta yana haɗawa, kuma kowace yankewa ita ce ƙarar da kunne ke ji. A ƙasar da ƙura ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, waya kuma kullum tana aljihu, me zai hana ramin cika? Gwajin ba wuya. Kunna sauti, ka murza kan a hankali. In ƙarar tana zuwa tana tafiya da murzawar, ga ɓarawonka nan. Ka goge kan da ƙyalle mai ɗan sifirit, ramin kuma tsinke, ban da allura, domin ƙarfe na iya lanƙwasa abin da ke ciki ka mai da ƙaramar magana babba.

In an share ba a dace ba, sai a koma kan igiyar, kuma a nan ne yawanci laifin yake namu. Abin da ke cikinta zaren tagulla ne sirara kamar gashi, an shafe su da wani fenti don kada su taɓa juna. Ba sa tsinkewa lokaci guda, ɗaya bayan ɗaya suke yi, shi ya sa ƙarar ke fara zuwa jefi-jefi kafin kunne ɗaya ya mutu gaba ɗaya. Wurare uku suka fi cin wuya: gindin kan da ake sokawa, mararrabar da igiya ta rabu biyu, da inda ta shiga kowane kunne. Ka bi ta da yatsu biyu kana lanƙwasawa kaɗan-kaɗan, inda ta yi kuka nan ne ciwon. Mu ne masu naɗe igiya tam a jikin waya alhali kan yana soke, mu ne masu fizge ta daga tsakiya, mu ne masu kwana a kanta ana karatun Alƙur'ani har gari ya waye. Sai ta gaji mu ce ɗan Sin ya cuce mu. Mai gyara a kasuwar waya irin Farm Centre ta Kano zai iya yanke wurin, ya ƙona fentin, ya liƙa sabon kai da dalma.

Akwai kuma ƙarar da iyafis ba shi da hannu a ciki. In sai ka jona caji take zuwa, ka tuhumi cajar. In a wuri ɗaya take fitowa duk sanda ka maimaita wa'azin da aka turo maka ta WhatsApp, to tun wajen ɗauka aka kara waya a bakin lasifika. A tsakiyar hunturu, iska ta bushe, ka sa rigar sanyi ta nailan, kana iya jin ɗan tas a kunne har da tsira kaɗan. Irin wutar nan ce da ke tartsatsi in ka yaye bargo cikin duhu. Wanda kuma ya tono tsohon iyafis na zamanin Nokia ya ji murya kamar daga cikin rijiya, ya danna maɓallin makirfo ya ji ta gyaru, to lafiyarsa lau. Tsari biyu ne a duniya, OMTP da CTIA, sun musanya mazaunin makirfo da layin komawa, kuma wayoyin yanzu na biyun suke bi. Kafin duk wannan dogon bincike ma, ara wayar maƙwabci ka soka. Minti ɗaya ya raba gardama.

Ban ce babu jabu ba. Akwai wanda tun a leda yake da ciwo, akwai kuma mai arhar da kuɗin gyaransa ya fi kuɗin sabo. Wanda aka ƙure wa sauti har fatar cikinsa ta yage, yana ɓarɓar duk sanda aka buga ganga, wannan sai haƙuri.

Abin da na ƙi shi ne a mai da kowace ƙara hujjar komawa bulutut. Tun da Apple ya cire ramin daga iPhone 7 a 2016 wasu kamfanoni suka bi sahu, ake nuna mana igiya ƙauyanci ce. To a yawancin wayoyinmu, igiyar nan ita ce eriyar rediyon FM. Cire ta, ka ga ko Freedom Radio za ta kamu ba tare da data ba. Igiyar kuma ba ta neman caji a garin da wuta ke zuwa kamar baƙon da bai yi sallama ba. Na bulutut kuwa batirinsa a manne yake cikin ɗan ƙoƙon, in ya gaji bayan 'yan shekaru ba kasafai ake samun mai canza shi ba, sai bola.

Nawa yanzu ina naɗe shi sako-sako a yatsu uku, in sa shi cikin wani tsohon gwangwanin alewa. Na bulutut ɗin ƙanena mai fatawa kuwa, kunnen dama ya faɗa kwata a bakin masallaci tun watan jiya, da na hagu kaɗai yake yawo.