Lissafin yaƙi da ya manta da ƴan kasuwa

Jama'a, ku da kuke wuni kuna lissafin uwar kuɗi da riba, ku sani yaƙi ma yana da nashi lissafi. A shekara ta 1916 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Lanchester ya fiddo shi. Ya ce in kowane soja yana ganin wanda yake harbi, ƙarfin runduna shi ne yawanta a ninka da kansa. Soja 100 su kara da 50, makamai iri guda: 100 sau 100, a ɗebe 50 sau 50, saura 7.500. Ke nan bayan an gama da ƴan 50 ɗin, kusan 87 za su koma gida.

Bisa takarda abin ya yi kyau. To amma lissafin ya ɗauka babu kowa cikin fili sai masu kaki. Ɗan bindigar yau kuwa bisa babur yake shigowa kasuwa, ya sayi mai da burodi, rawaninshi irin na kowa.

A 2009 wasu masana biyu a Amurka, Kress da Szechtman, suka sake lissafin da farar hula a ciki. Abin da ya fito: in soja ba ya da sahihin labari, wutar da ya buɗe tana faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba, dangin mamaci su fusata, ƴan tawaye su samu sabbin hannu. Ana ɗebewa nan, ana ƙarawa can.

Mu nan ba sai an ba mu labari ba. A watan Fabrairu na 2022 jirgin yaƙin Najeriya mai farautar ƴan bindiga ya kashe yara 7 a Nacade, cikin yankin Madarunfa. A Disamba na 2023 jirgi marar matuƙi ya hallaka mutum 85 ko fiye wajen Mauludi a Tudun Biri, jihar Kaduna.

Shi sahihin labarin nan, wa ke da shi? Mai tuwo da ta san baƙon da ya sayi kwano ashirin, da mai sayar da mai a bakin hanya. Uwar da aka kashe ma ɗa ba za ta sake buɗe baki gaban soja ba, kuma wallahi ban ga laifinta ba.

Don haka ina kira ga mahukunta: duk inda wuta ta faɗa kan farar hula, a je garin, a ƙirga gawa gaban maigari, a faɗi adadin a rediyo, a biya diyya.