Kafin ku saya wa ɗiyarku keken ɗinki

A gidaje da dama na Maraɗi da Damagaram za ka tarar da keken ɗinki a lungun ɗaki, an lulluɓe shi da zane, an jera kwanoni a kansa. Iyaye sun yi adashe sun saye shi cikin kayan ɗakin amarya, amma yarinyar ba ta taɓa zura masa zare ba. Tarihin Singer, sunan da kowane tela ya sani, yana da abin da zai koya mana a nan.

Isaac Singer ya yi rajistar ƙirar kekensa a Amurka a 1851. Ba shi ya fara ƙera irin wannan na'ura ba, domin Elias Howe ya kai shi ƙara kan satar fasaha, kuma ya ci shari'ar a 1854. Keken ya yi wa talaka tsada, sai a 1856 abokin aikinsa Edward Clark ya kawo tsarin biya kaɗan-kaɗan. Kamfanin ya baza wakilai gari-gari, suna koya wa masu saye yadda ake ɗinki, suna kuma yi masu gyara. Haka Singer ya shiga gidajen mutane. Babbar masana'antarsa ta Clydebank a ƙasar Sikotilan ta rufe a 1980, amma tsofaffin kekunan ƙarfen nan na takawa suna aiki har yau, ko an ɗauke wuta.

Abu uku kamfanin ya haɗa: keke, koyarwa da gyara. Mu na farkon kaɗai muke saye, ko Singer ne ko Butterfly ɗan Sin.

Iyaye, kafin ku sayi keke, ku kai yarinya wurin tela mace ko cibiyar koyon sana'a tun tana makaranta, a lokacin hutu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamai kuma, kada darasi ya tsaya ga ɗinki kawai. Ɗaliba ta iya awo da yanka, ta san canza allura, zuba mai da daidaita zare, ta kuma iya lissafin kuɗin yadi da ladan aikinta. Wadda ta san waɗannan, ranar da miji ya rasu ko hannunsa ya yi ƙasa, kekenta zai ciyar da ƴaƴanta.