Dogayen Yaranmu da Labarin Masai Ujiri

Duk wanda ya taɓa shiga motar Khaddamari daga Maiduguri ya san irin yaran da nake nufi. Za ka ga saurayi ɗan shekara sha biyar ya naɗe jiki kamar tabarma kafin ya samu shiga, gwiwoyinsa sun tokare kujerar gaba, fasinjoji na ta tsokanarsa da Dogo. Ƙanena yana cikin irinsu. Ranar da na roƙi Baba ya bar shi ya gwada ƙwallon kwando, tambaya ɗaya ya yi mini: mutum nawa na sani da suka ci abinci da ita? Na yi shiru a lokacin. Amsar ce nake son bayarwa yanzu, ko da ta zo a makare.

Mai karatu, bari mu leƙa Zariya. A can Masai Ujiri ya tashi, duk da cewa a Ingila aka haife shi a 1970. Ƙwallon ƙafa ya fara bugawa kamar kowane yaro, sai da ya kai wajen shekara sha uku sannan ya kama ta kwando, a hannun wani koci Ba'amurke mazaunin Zariya mai suna Oliver Johnson. Daga nan ya tafi Amurka, ya buga wa kwalejin Bismarck a jihar Dakota ta Arewa, sannan ya yi 'yan shekaru yana bugawa a ƙananan ƙungiyoyin Turai, cikinsu har da na Ingila da Beljiyam. Iyakar abin da ya yi a fili ke nan. Ko minti ɗaya bai taɓa bugawa a gasar NBA ba, kuma da a ce da wannan ma'auni za a auna shi, da an ce ya yi asarar ƙuruciyarsa.

To amma yawon nan ya ba shi ido. Ya san wane yaro ne zai yi nisa, wane ne tsayi kawai gare shi. A 2002 ya fara yi wa ƙungiyar Orlando Magic aikin farautar 'yan wasa ba tare da albashi ba, da kuɗin aljihunsa yake tafiye-tafiyen. Denver Nuggets ta lura da shi ta ɗauke shi, a 2010 ta damƙa masa ragamar ƙungiyar, a 2013 kuma aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA na shekara. A wannan shekarar ya koma Toronto Raptors, inda a 2019 ƙungiyar da ya haɗa, da Pascal Siakam ɗan Kamaru maƙwabciyarmu a cikinta, ta ɗauki kofin NBA karo na farko a tarihinta. Ya bar kujerar a 2025.

Ni a ganina kuskurenmu shi ne mun ɗauka ƙofa ɗaya ce tak a wannan sana'a. Ko a tsakanin 'yan wasan kansu ba haka abin yake ba. Oscar Schmidt na Brazil, New Jersey Nets ta zaɓe shi a 1984 ya ƙi zuwa, domin a wancan zamani ɗan NBA ba shi da damar buga wa ƙasarsa. Ya yi sana'arsa a Italiya da Sifaniya da gida, ya halarci Olamfik sau biyar, a 1987 kuma ya ci maki 46 ranar da Brazil ta doke Amurka har gida a Indiyanafolis. Ban da masu bugawa, akwai koci da alƙalin wasa da mai duba lafiyar 'yan wasa. Akwai kuma mu, ɗaliban harshe. Wa zai yi sharhin wasan Kano Pillars ta kwando a rediyo da Hausa mai daɗi, idan har yau ba mu zauna mun raɗa wa dabarun wasan suna ba?

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Ujiri ɗan 'yan boko ne, mahaifiyarsa likita ce, ya tashi a garin jami'a. Yaron Khaddamari kuwa da safe yana gonar shinkafa a fadamar Jere, garinsu ya sha wahalar shekarun rikici, iyayensa na lissafin abin da za a ɗora a murhu ne. Ba na musun wannan. Sai dai abin da Zariya ta ba Ujiri tun farko bai wuce fili da malami ba. Filin kwando kuwa mita 28 ne a tsayi, 15 a faɗi, zai zauna a kusurwar kowace makarantar firamare ba tare da an taɓa filin ƙwallon ƙafa ba. Shi kansa Ujiri ya gane haka, shi ya sa gidauniyarsa ta Giants of Africa, wadda aka kafa a 2003, ta ɗauki alkawarin gina filaye ɗari a Afirka.

Kafin nasu ya iso gare mu, mun sa wani mai walda ya lanƙwasa mana rodi, mun ɗaure shi a jikin dalbejiyar ƙofar gida. Baba bai ce a ci gaba ba, bai kuma ce a kwance ba. Jiya da la'asar na hango shi daga zaure yana ƙirga wa yaron waɗanda suka shiga.