Gasar su tana da kyau, amma a rufe tabki tukuna

Duk wanda ya ji labarin bikin kamun kifi na Argungu yakan yi fatan ganin irinsa a gida. A ƙauyukan Agiye da Gazawa da Gidan Rumji muna da tabkuna da ke cika da damina, wasu su riƙe ruwa har cikin bazara. Ga kuma babban tabkin Madarunfa a kudancin Maraɗi. Me zai hana mu ma mu tsai da rana guda ta gasa, a auna kifi, a ba gwani kyauta? Ni ina goyon baya. Sai dai da sharaɗi.

Argungu tana jihar Kebbi ta Najeriya. An fara bikinta a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, bayan dogon rikici tsakanin Sakkwato da Kabi. Dubban masunta ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora, su yi wajen awa guda suna nema. A 2020 kifin da ya zo na farko ya kai kilo 78. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake kiyayewa a 2016.

Mutane suna kallon girman kifin, su manta da abin da ya sa ya girma. Wannan ɓangare na kogin a rufe yake a sauran watannin shekara. Sarkin Ruwa ne ke tsaronsa, ba mai jefa taru sai ranar da aka buɗe. Giwan ruwa ba ya kai nauyin ƙaton namiji cikin damina ɗaya. Shekaru aka bar shi yana ci yana ƙiba.

To, mu a nan yaya muke yi? Da ruwa ya kwanta, kowa ya shiga. Yara da manya, dare da rana. Abin da ya fi muni shi ne su da gidan sauro. Idonsa ƙanana ne ƙwarai, ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba. Tarwaɗa tana zuba ƙwai da damina cikin ciyawar da ruwa ya rufe a bakin tabki. Karfasa kuwa uwar ce ke riƙe ƙwai da ƴaƴa cikin bakinta har su yi ƙwari. Wanda ya ja gidan sauro a watan Agusta ya kwashe uwa da ƴaƴa, ya kwashe kifin da zai sayar a watan Maris. Kuma gidan sauron nan likita ta ba da shi ne domin kare yara da mata masu ciki daga zazzaɓin cizon sauro. An jiƙa shi da maganin kashe sauro, wanda ke cutar da kifi in ya shiga ruwa. Hasara biyu ke nan: ɗaki ba kariya, tabki ba iri.

Akwai kuma masu zuba guba ko maganin ƙwarin gona cikin ruwa don kifi ya taso. Dokar ƙasa ta hana wannan. Ruwan nan shanu da awaki ke sha, da shi mata ke wanki, kifin kuma cikin ƴaƴanmu zai shiga.

Saboda haka shawarata ita ce, garin da ke son gasa ya fara da rufe tabki. Mai gari da Sarkin Ruwa da ma'aikatan gandun daji su zauna da masunta, a yanke watanni, tun daga farkon damina har bayan an gama girbi. A faɗa a masallaci da kasuwa. Inda kifi ya ƙare, a nemi ma'aikatan su taimaka a zuba ƴaƴan karfasa da tarwaɗa. Karfasa tana isa haihuwa cikin wata 5 zuwa 6, ba dogon jira ba ne.

Na san abin da masunci zai ce: in an rufe, me iyalina za su ci? Tambaya ce ta gaskiya. Amma watannin rufewa su ne watannin gona, lokacin da yawancinmu ke kan gero da wake da gyaɗa. Kifin da aka bari ya girma kuma ya fi kwanon ƙananan kifi kuɗi a kasuwar Tsibiri ko ta Gazawa. Wanda ba shi da gona, shi ya kamata a ɗauka aikin gadin tabki, a biya shi daga kuɗin shiga gasa.

Kyautar ma kada ta yi yawa. Kuɗi mai yawa yana jawo maguɗi. A Argungu kanta, a 2008, an ƙwace nasara daga wani bayan an gano kifinsa ya mutu tun kafin a fara gasa. A Amurka ma, a 2022, a wata gasa kan tabkin Iri, an tsaga cikin kifayen wasu mutum biyu aka iske dunƙulen dalma da suka cusa don ƙara nauyi. Kotu ta ɗaure su kwana 10, aka ƙwace jirgin ruwansu. Mu sabon taru mai manyan idanu ya isa kyauta, ko buhun taki. A auna kifi a gaban jama'a, yana motsi.

Sai maganar lafiya, wadda bai kamata masu shiri su tsallake ba. Ruwan tabki kwantacce gidan tsargiya ne, ciwon da ke sa fitsarin jini. Tsutsarta tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwa, ta huda fatar wanda ya shiga ruwa. Mai ciwon in ya yi fitsari cikin tabki, ya mai da ƙwan cutar ruwa. Don haka a haƙa masai nesa da gaɓa kafin ranar gasa, a hana ƙananan yara shiga. A gayyato ma'aikacin lafiya ya zauna a bakin ruwa. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan wasu makonni ya tafi likita. Akwai ƙwayar magani mai suna farazikantel, kuma gwargwadon tsawon mutum ko nauyinsa ake ba da ita.