Mage da lafiyar iyali: Kada a bar jaki ana dukan taiki

Da wuya a sami unguwa a ƙasar Hausa, birni ko ƙauye, wadda ba a kiwon mage a cikinta. Tana kwana a ɗakin tsohuwa, tana gadin rumbu da shagon ɗan tireda, yara kuma na wasa da 'ya'yanta a tsakar gida. A 'yan shekarun nan ma an sami sabon yayi a birane irin su Kano da Kaduna da Abuja, inda masu hali ke sayen maguna 'yan ƙasashen waje masu yawan gashi a kan kuɗi masu tsoka. Duk da wannan kusanci, jama'armu sun kasu gida biyu game da wannan dabba: wasu sun ɗauke ta tamkar kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, don haka ba sa ganin dalilin kai ta wurin likita, wasu kuwa da zarar sun ji an ambaci cuta, sai su nemi buhu su jefa ta a ciki su kai ta bayan gari. Binciken kimiyya na sama da shekara ɗari ya nuna cewa dukkan ɓangarorin biyu suna kan kuskure, kuma kuskuren yana iya jawo asarar rai.

Cutar da ta fi cancantar a fara da ita ita ce toksoplasma. A shekarar 1908 wasu masana biyu, Charles Nicolle da Louis Manceaux, suka gano ƙwayar wannan cuta a birnin Tunis a jikin wata 'yar dabba mai kama da ɓera, a shekarar kuma wani masanin, Alfonso Splendore, ya gan ta a jikin zomo a Brazil. Amma sai wajajen 1970 aka tabbatar da cewa a cikin hanjin mage da danginta kaɗai ƙwayar ke kammala hayayyafarta, sannan ta fito ta cikin kashi. Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita, mafi yawansu ba tare da sun sani ba, domin ga mai ƙoshin lafiya ba ta wuce ɗan zazzaɓi da kaluluwa, ko ma ba ta nuna wata alama.

Haɗarin yana kan mutum biyu. Na farko ita ce mace mai juna biyu da ta kamu a karon farko tana ɗauke da cikin, domin ƙwayar na iya ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, ta jawo ɓari, ko a haifi yaro da taruwar ruwa a kai, ko da lahani a ido da ƙwaƙwalwa wanda wani lokaci ba ya bayyana sai bayan shekaru. Na biyu shi ne wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, musamman mai cutar ƙanjamau da ba ya shan magani, wanda ƙwayar kan farka a ƙwaƙwalwarsa ta hallaka shi. Makiyaya ma ba su tsira ba, don kuwa toksoplasma na cikin sanannun dalilan da ke sa tumaki da awaki ɓari. Bincike-binciken da aka gudanar a jami'o'inmu na Zariya da Maiduguri da Sakkwato sun sami alamun ƙwayar a jinin mutane da na dabbobi, saboda haka ba labarin wata ƙasa mai nisa muke bayarwa ba.

To, sai dai a nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Mage takan zubar da ƙwayoyin cutar ne na tsawon mako ɗaya zuwa uku bayan kamuwarta ta farko, galibi tun tana ƙarama, kuma ƙwayoyin ba sa iya kama mutum sai sun kwana ɗaya zuwa biyar a waje. Ke nan wanda ke kwashe kashin magensa kullum, ya wanke hannu da sabulu, ya toshe babbar kafa. Shafa bayan mage ba shi ne hanyar kamuwa da aka fi sani ba. Hanyoyin da suka fi ƙarfi su ne cin naman da bai dahu ba, da ganyen da ba a wanke sosai ba, da ruwan da ya gurɓata, da ƙasar da magunan titi suka yi kashi a ciki, inda ƙwayar kan rayu fiye da shekara idan akwai danshi. Matar da ta kori magenta saboda ta sami ciki, amma tana cin balangun da cikinsa ke da ja, tana haɗa kwaɗon latas da kabeji ba tare da wanki mai kyau ba, ta bar jaki tana dukan taiki. A Faransa tun 1978 aka wajabta gwajin wannan cuta ga mata, daga 1992 kuma ake maimaita gwajin kowane wata ga mai cikin da ba ta taɓa kamuwa ba, domin idan an gano da wuri akwai magungunan da ke rage lahanin. Mu a nan ko a jawabin da ake yi wa mata ranar awon ciki ba kasafai ake jin sunanta ba.

Cuta ta biyu ta fi ta farko muni, kuma sunan da muka ba ta yana cikin abin da ke yaudararmu. Mun kira ta ciwon haukan kare. Gaskiya ne cewa kare ne sanadin kusan kashi 99 cikin ɗari na kamuwar mutane, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana, kuma cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Amma kowace dabba mai shayarwa na iya kamuwa, har da mage. A Amurka, inda aka shawo kan cutar a tsakanin karnuka, mage ce dabbar gida da aka fi samu da ita. Bahaushe kuwa da ya ji suna ya ambaci kare, idan mage ta ciji ɗansa ko ta yakushe shi, sai ya shafa masa man zafi ko toka ya manta. Wannan ciwo da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tashi. Amma tun 1885 Louis Pasteur ya nuna cewa allura bayan cizo na ceton rai. Abin da ake buƙata shi ne a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar, ko da ciwon bai kai a ɗaure shi ba.

Akwai wasu ƙananan cututtuka da ba sa kisa sai nadiran, amma suna wahalar da yara. Yakushin 'yar mage na iya sa kaluluwa ta kumbura ta daɗe, saboda wata ƙwaya mai suna Bartonella henselae wadda ƙuma ke yaɗawa a tsakanin maguna. Makero ma yakan taso daga mage zuwa kan yaro, haka nan tsutsar ciki. Daga cikin matakan kariya akwai waɗannan: a raba dabbar da ƙuma, a ba ta maganin tsutsa a kan kari, a hana yara wasa a yashin da take kashi. Shi kuwa tari da atishawar da ake ɗora wa gashin mage, bincike ya nuna wani sinadari ne da ke cikin yawunta da fatarta ke tayar da shi ga masu ƙyan jiki da asma, gashin ɗan aike ne kawai.

Ba za mu manta da cewa a watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji a jihar Kaduna ba, karo na farko da aka ga wannan nau'in a nahiyar Afirka. Wannan ƙwaya ta kashe maguna da dama a Poland a 2023, a 2024 kuma ta kashe wasu a gonakin shanu na Amurka bayan sun sha ɗanyar madara. Darasin a fili yake ga duk mai jefa wa magensa mushen kaza. Masana sun ce kimanin kashi 60 cikin ɗari na cututtuka masu yaɗuwa da ke kama ɗan Adam daga dabbobi suke tasowa, don haka magen da ta mutu ba dalili a gidan da kaji ke mutuwa gargaɗi ce ga mutanen gidan.

Ita kanta magen tana da nata ciwon da ba ya shafar mutum, kuma binciken da aka yi a kansa ya amfani likitancin ɗan Adam. A 1964 William Jarrett ya gano ƙwayar da ke jawo sankarar jini ga maguna a Jami'ar Glasgow. A 1986 Niels Pedersen da Janet Yamamoto suka gano wata ƙwaya mai karya garkuwar jikin mage a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wadda ta zama abin kwatance ga masu nazarin ƙanjamau, alhali ba ta kama mutum. A 2019 Pedersen da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin wani magani da ya warkar da mafi yawan magunan da ke fama da wani kumburin ciki da a da ba a tashi daga gare shi, maganin kuwa ɗan uwa ne na remdesivir da aka yi amfani da shi lokacin annobar korona. Wanda ke ganin binciken lafiyar mage ɓarnar kuɗi ce ta Turawa, ya sake tunani.

Wani abin takaici shi ne yadda tausayi ba tare da ilimi ba ke kashe dabbobin. Mutum zai ga magensa ta yi laushi, sai ya ɓallo farasitamol ya ɗura mata, bai san hantarta ba ta iya sarrafa wannan magani ba, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka wasu magungunan ƙuma da aka yi domin karnuka guba ne gare ta, haka ɓeran da ya ci guba idan ta cinye shi. Rashin sani ya fi dare duhu. Kuma asarar ba ta mai gida kaɗai ba ce, domin a yankin da zazzaɓin Lassa ke kisa kowace shekara tun bayan gano shi a garin Lassa na jihar Borno a 1969, mage na cikin masu rage ɓeraye, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kiwonta cikin matakan tsaftar gida. Addininmu ma ya san darajarta, ya kuma yi kashedi mai tsanani ga wanda ya tsare ta ya hana ta abinci.

Saboda haka muna kira ga ɓangarori huɗu. Gwamnatocin jihohi su sanya maguna cikin gangamin allurar rigakafin da ake yi wa karnuka, musamman a ranar 28 ga Satumba da duniya ta keɓe domin wannan ciwo, su kuma tabbatar da akwai allurar bayan cizo a manyan asibitocin ƙananan hukumomi a kan farashin da talaka zai iya. Nijeriya na da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi a Vom tun 1924, kuma a 2019 ta ƙaddamar da tsarin haɗa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Abin da ya rage shi ne tsarin ya sauko daga takarda zuwa unguwa. Ma'aikatun lafiya su ƙara jimloli kaɗan a jawabin awon ciki: a dafa nama ya nuna, a wanke ganye, mai ciki ta bar wa wani kwasar kashin mage. Tsangayoyin likitancin dabbobi na jami'o'inmu su ƙara faɗaɗa bincike, su kuma riƙa fito da sakamakonsa daga mujallun Ingilishi zuwa gidajen rediyo.

Kira na huɗu ga masana harshe da 'yan jarida ne. Ciwon da ba shi da suna a harshen mutane, ba ya shiga hirarsu, wanda bai shiga hira ba kuwa ba a gudunsa. Muna da mage da kyanwa da mussa da muzuru, amma ba mu da sunan da ungozoma za ta kira toksoplasma da shi tsohuwa ta gane. Ya dace sassan Hausa na jami'o'i su zauna da likitocin mutane da na dabbobi su daidaita waɗannan sunaye, su kuma yarda a kan wata ƙarin magana da za a riƙa haɗawa da sunan ciwon haukan kare domin jama'a su san mage ma na ɗauke da shi.

Daga ƙarshe, nauyin yana kan mai gida. Wanda ya iya fitar da dubban nairori ya sayi mage 'yar waje, ba shi da uzurin ƙin biyan kuɗin allura. Wanda kuma tasa ta gado ce daga maƙwabta, ita ma haƙƙinta ɗaya ne: abinci dafaffe, wuri mai tsabta, da ziyarar likitan dabbobi ko sau ɗaya a shekara. Yasar da ita a bola ba ya kawar da cuta, ƙara yawan magunan titi yake yi, waɗanda su ne ke gurɓata lambu da filin wasan yara. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.